Abin da wuyan hannuna ya koya mini game da linzamin kwamfuta

Sana'ata tsara shafukan littattafai ce da takardun jarrabawa, da yamma kuma ina riƙe wa wasu 'yan kasuwar hatsi lissafinsu a Excel. Daga hantsi har bayan isha'i hannuna na dama yana kan linzamin kwamfuta, abin nan da yara ke ce wa maus. Shekara da shekaru ban ɗauke shi a bakin komai ba. In ya lalace sai in aiki yaro ya sayo wani, ɗan ƙarami, shafal, irin wanda ake ratayewa cikin leda a ƙofar shago. Kwamfuta nake kashe wa kuɗi, da allo, da batirin inbata. Linzami kuwa duk wanda ya samu.

Ciwon a hankali ya shigo, lokacin aikin jarrabawar ƙarshen zango. Da farko tsami ne a wuyan hannu, in shafa man zafi in ci gaba. Daga baya sai na riƙa farkawa cikin dare ina jin kamar kiyashi na yawo a babban yatsana da manuniya da na tsakiya, sai na yarfe hannun sau da yawa kafin ya dawo daidai. Ranar da na kasa murɗe murfin gorar ruwa har sai da maiɗakina ta karɓa ta buɗe mini, washegari asibiti na nufa.

Tambayar farko da likitan ya yi mini ita ce ko ƙaramin yatsa ma yana yi. Na ce a'a. Sai ya yi mini bayani cewa akwai wata jijiya da ke bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, tare da jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Ita ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe, ƙaramin kuwa tasa jijiyar daban ce. In wurin ya kumbura ko aka daɗe ana danne shi, sai ta matsu. Ya turo mini abin maƙala takarda da ke kan teburinsa, ya ce, "Malam, riƙe wannan kamar yadda kake riƙe naka a wurin aiki." Na riƙe. A karon farko na kalli hannuna da idon baƙo: wuyan hannun a danne da bakin tebur, tafin a karye zuwa sama, babban yatsa da na zobe sun ƙanƙame abin ta gefe kamar zai gudu. Haka nake yini. Ya ba ni abin ɗaure wuyan hannu da dare, ya ce in riƙa tsayawa ina hutawa, in dawo idan bai sassauta ba. Bai ce in sayi komai ba, ya kamata in faɗi wannan tun yanzu.

Ƙanena ne ya kawo maganar saye. Shi mai rubuta manhaja ne, ya zo gida hutun Sallah, ya tarar da ni da hannu a ɗaure. Ya ciro nasa daga jaka, Logitech MX Master 3S, wanda ya fito a 2022, ya ajiye mini a tebur.

"Yaya, riƙe shi mako guda. In bai yi maka ba, ba ka yi asarar ko kwabo ba."

Da na tambayi kuɗinsa ya ce kimanin dala 100 ne lokacin da ya fito, sai na tura masa kayansa. Kuɗin nan zai sayo mini irin nawa fiye da goma. Ya sake turo shi gabana, ya ce fiye da goman ai na riga na saye su ɗaya bayan ɗaya, ga kuma abin da suka bar mini. Na rasa amsa.

Kwana biyun farko ban ji daɗinsa ba, kuma daga gare ni matsalar take. Gram 141 ne, ga doro, ga wani ɗan fiffike a gefen hagu da aka yi don babban yatsa ya kwanta. Ni kuwa sai na riƙe shi irin riƙon da na saba, da ƙarshen yatsu, ina ɗaga shi ina direwa. Nan da nan na gaji. A rana ta uku ina cikin karanta wani dogon babi, hankalina ya tafi ga rubutun, sai kawai na ankara tafin hannuna ya kwanta a kan doron gaba ɗaya, yatsun sun miƙe da kansu, babban yatsa ya sami shimfiɗarsa. Ba na matse komai. Hannun ya ɗan karkata gefe kaɗan, maimakon ya kife ruf da ciki. Wannan sakin da na ji a bayan hannuna har zuwa gwiwar hannu, shi na biya kuɗinsa da na sayi nawa bayan wata guda, sauran abubuwan duk gyara ne aka yi mini.

Amma gyaran ma ba ƙarami ba ne, musamman tayar nan ta tsakiya. Ta ƙarfe ce, maganaɗisun lantarki ke sarrafa ta. In ka murza a hankali za ka ji tana tafiya ɗaki-ɗaki, layi bayan layi, yadda mai duba kuskuren rubutu ke so. In ka fizge ta sai ta saki kanta ta yi ta juyawa ba ƙara, har sai ka ɗora yatsa ta tsaya cak. Kamfanin ya ce tana iya wuce layi 1000 a daƙiƙa ɗaya. Ni ban ƙirga ba, abin da na sani shi ne littafi mai shafi 300 da a da nake ta murza taya har yatsa ya yi zafi kafin in kai ƙarshensa, yanzu fizga biyu ko uku ce. Akwai kuma wata taya a gefe, ƙarƙashin babban yatsa, mai tafiya hagu da dama. Duk wanda ya taɓa buɗe lissafin buhunan masara da gero da dawa na wata goma sha biyu a jere ya san wahalar neman 'yar sandar nan ta ƙasan allo da ake ja don matsar da shafi gefe, ka kama ta, ka ja, ta kuɓuce. Yanzu babban yatsa ke wannan aikin, shi da a da ba shi da aikin yi sai matsa.

Sai shirun dannawa, wanda ban san ina buƙatarsa ba sai da aka yi mana haihuwa. Ɗakin da nake aikin dare nan ne maijego da jaririya suke kwana, labule ne kawai a tsakani. Da tsohon linzamin, kowace dannawa ƙas take, kuma tsara shafi ɗaya na iya cin dannawa ɗari. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya ina gyara jadawalin wata takardar lissafi, sai na ji motsin labule. Ta leƙo da goyo a kafaɗa, ta tsaya tana kallona.

"Au, Malam, aiki kake? Na ɗauka barci ya kwashe ka a kujera."

Fitilar tebur ce kaɗai a kunne, yarinyar na ta barcinta, ni kuwa na kusa gama shafi na goma sha biyu. Maɓallan suna nutsewa ne da taushi, ka ji a yatsa amma kunne da ƙyar ya ji. Na san mutanen da suka fi son ƙarar don ita ke tabbatar musu sun danna. Ni kam mako guda ya ishe ni sabawa.

Turawa ɓera suke ce wa abin nan, saboda na farkon da Douglas Engelbart da abokan aikinsa suka ƙera a Amurka cikin shekarun 1960 ɗan akwatin katako ne da igiya ta fito masa kamar wutsiya. Yanzu wutsiyar ta tafi, sunan ya rage. Namu sunan ya fi dacewa a ganina, domin linzami abin juya akala ne, kuma duk wanda ya taɓa hawan doki ya san mahayin kirki ba ya fizga, ɗan motsi kaɗan yake yi dokin ya fahimta. Wannan ne ya kai ni ga saita saurin 'yar kibiyar nan da linzami ke motsawa a kan allo. Idon da ke ƙasan linzamin ana iya daidaita shi daga 200 zuwa 8000 a ma'aunin DPI, wato nisan da kibiya ke yi in ka ɗan motsa hannu, kuma a kan 1000 yake zuwa. Da ɗokin sabon abu na kai shi sama sosai, kibiya ta riƙa tsallake abin da nake nema, ni kuma ina ƙanƙame hannu don in tsayar da ita, wato na koma gidan jiya. Na yi ta ragewa har na tsaya wajen 1600, inda nake ratsa allon daga gefe zuwa gefe ba tare da na ɗaga hannu ba, kuma ina iya kama bakin hoto daidai. Babban adadin da ke jikin kwali ba shi ne abin nema ba. Na kuma shiga manhajarsa, Logi Options+, na mayar da maɓallai biyun gefe su zama kwafa da liƙawa, tunda su na fi yi a yini.

Caji bai taɓa zame mini abin tunani ba, ga mai zama inda wuta ke zuwa ta tafi wannan babban abu ne. An ce cikakken caji na iya kai kwana 70, na minti ɗaya kuma ya ba da awa 3. Da yawan aikina nakan yi wata guda da ɗoriya kafin ɗan hasken gefe ya koma ja. Ramin cajin USB-C ne, irin na wayata, kuma a goshinsa yake, don haka ina caji ina aiki. A ƙasansa akwai ɗan maɓalli mai lamba 1, 2, 3 na sauyawa tsakanin na'urori uku. Ta shago na kan 1, ta tafi-da-gidanka na kan 2. Har a kan teburin gilashi na wani ofis da na kai aiki ya yi tafiyarsa lafiya, inda tsofaffin nawa kibiyarsu ke rawa.

Sau ɗaya kibiyar ta riƙa tsinkewa tana tsalle, hankalina ya tashi. Na kira ƙanena, ya tambaye ni me na soka kusa da ɗan makarɓin siginar linzamin, wanda ake sokawa a ramin USB na kwamfuta. Ashe na jona faifan ajiya na waje a ramin USB 3.0 da ke maƙwabtaka da shi. Ya ce irin waɗannan ramuka da igiyoyinsu kan fitar da hayaniyar lantarki a kusa da zangon 2.4 GHz, inda linzamai marasa igiya ke magana, ko na wane kamfani ne. Na mayar da makarɓin ɗaya gefen kwamfutar, shi ke nan.

Ga wurin da na fi so a saurare ni. Bayan wata biyu da sabon linzami, kiyashin dare ya ragu amma bai tafi ba, kafaɗata ma ta fara ciwo. Raina ya ɓaci, na fara tunanin kuɗina sun tafi a banza. Da na koma wurin likita sai ya tambaye ni tsayin teburina. Teburin cin abinci ne na mayar na aiki, kujerar kuwa ta roba ce, gajeriya. Ina zaune ne a ƙasa ina miƙa hannu sama, kafaɗa a ɗage yini guda. Na kira kafinta ya rage ƙafafun teburin, na sami kujera mai tsayi, har gwiwar hannuna ta zo daidai da saman tebur, damtse a sake kusa da jiki. Na matso da linzamin dab da kibod, na daina dogara wuyan hannu a bakin katako, na koyi motsa shi daga gwiwar hannu. Na kuma ɗaure hutuna da abin da ba zan manta ba: duk shafi biyar in tashi, ban da tashin salla. Kuɗin kafintan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin linzamin ba. Bayan haka ne barcina ya dawo. Ba zan iya raba muku wane kaso na linzami ne wane na tebur ba, tare suka yi aikin, amma da a ce ɗaya kawai zan iya yi a lokacin, da tebur zan fara.

Kuma ba kowane hannu ya dace da shi ba. Na hannun dama ne zalla, bahago ba shi da rabo a ciki. Maiɗakina ta gwada, yatsunta ba su kai inda ya kamata ba sai ta miƙe su, ta ce nata ƙaramin ya fi mata. Ga irinta akwai wani na kamfanin mai suna Lift, ƙarami, a tsaye yake kamar za ka yi musabaha, har da na bahagwai. Masu wasannin harbi a kwamfuta su ma marar nauyi suke nema, wanda bai kai rabin wannan ba. Wanda kuma ke buɗe kwamfuta rabin awa a rana don duba saƙo, ban ga dalilin da zai sa ya taɓa kuɗin cefane ba. Abin na mai yini a kai ne.

Kulawarsa kaɗan ce. Lokacin zafi zufa kan taru inda tafin hannu ke kwanciya, da hunturu kuma ƙura kan shiga gefen taya. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan kashe shi, in goge da ƙyalle mai ɗan danshi, in bi lungunan da tsinken auduga, in share ƙasansa don ya ci gaba da sulɓi. In zan fita da shi, cikin tsohuwar safa mai tsabta nake sa shi kafin ya shiga jaka.

Makon jiya yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce yana tara kuɗi ya sayi irinsa, don shi ma ya fara jin tsami. Na je na tsaya a bayansa ina kallon yadda yake zaune: kafaɗa a ɗage, wuyan hannu a bakin tebur, yadda nake a da. Na ɗauko matashi biyu na sa masa a kujera, na matso masa da linzaminsa kusa da kibod. Na ce ya yi mako biyu a haka, in ya so ranar Asabar ɗin da ta biyo baya zan bar masa nawa ya yini da shi, mu ga ko doron ya yi daidai da tafinsa.