TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Jakar da ke gefen cikin baban yara

Salamu alaikum 'yan uwa, ina gajiya ina haƙuri da ni, na san na makara wanga sati. Wancan karon mun tsaya inda anka turo baban yara daga bulok, wato ɗakin tiyata, wajen ƙarhe biyu na dare, ni da Inna mahaihiyarshi muna zamne bisa tabarma bakin baranda, ruwan sama na ta zuba tun magariba. To daga nan za mu tashi.

Da sahe anka bar ni na shiga na gane shi. Wallahi da ba don ɗan tabon da ke goshinshi ba da na ce ba shi ba ne, tiyo a hanci yana janyo wani koren ruwa cikin kwalba, sondi wato tiyon hitsari, ƙarin ruwa a hannu, ga wani tiyon kuma ya hito ta gefen ciki, leɓɓanshi duk sun bushe sun tsage kuma an ce ko ɗigon ruwa kada in ba shi, sai dai in jiƙa auduga in shafa mishi. Mutumin da ke ɗaukar buhun hatsi shi kaɗai ya aza bisa amalanke a kasuwa, yau ɗaga yatsa ya zame mishi aiki.

Lokotoron da ya yi aikin ya kira mu ni da yayanshi waje, ya ɗauki biro ya zana hanji a bayan wata takardar ordonas. Ya ce zazzaɓin nan da ya yi kusan sati uku yana hwama da shi muna ta sayen maganin masassara muna cewa sauro ne, taifot ne, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma in ya daɗe a jiki ba a sha maganin da ya dace ba yakan ci ƙarshen ƙaramin hanji har ya huda shi. Na baban yara wuri biyu ya hudu, ƙazanta ta zuba cikin ciki ta yi mugunya. Ya ce in sun ɗinke hanjin sun maida shi cikin wagga mugunyar ɗinkin ba zai riƙe ba, zai sake hwashewa, shi ya sa sunka hiddo bakin hanjin ta hwatar ciki gefen dama ƙasa da cibiya, bayan gida zai riƙa hita ta nan yana zuba cikin wata jaka da suke kira posh. Na ɗan lokaci ne, in ji shi, in ciki ya warke ya samu ƙarhi bayan wata biyu ko uku sai a sake shiga a haɗa a maida. Ni dai "na ɗan lokaci" kaɗai na riƙe, sauran duk sai daga baya na gane su.

Inna da anka hwaɗa mata ta ce wannan ba banza ba, jifa ce, an ga yaronta ya hwara samu. Ban yi mata gardama ba, uwa ce, zuciyarta na neman inda za ta aza laihi. Amma da ta kawo rubutu da wani jiƙo a gora ta ce a ba shi a ɓoye, na durƙusa na ce Inna ki yi mani ahuwa, hanjin nan ko ruwan sanyi bai karɓa yanzu, mu tofa mishi addu'a, in ya hwara sha ni da hannuna zan ba shi rubutun, jiƙon kuwa sai mun tambaya. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da daɗi ba. Na haƙura.

Rana ta uku na hwara ganin wurin da idona. Majo ce, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa mai gilashi, ta yaye zanen ta ce matso ɗiyata, ke za ki koma gida da shi ba ni ba. Wani nama ne ja jawur, mai laima, ya kumbura ya taso awa ƙaramin tumatur, yana ɗan motsi shi kaɗai. Sai na ji ƙahwahuna sun yi sanyi. Ta kama hannuna ta ce ki dube shi da kyau, ja ɗin nan shi ne lahiya, jini na gudu ke nan, ranar da kin ga ya yi baƙi ko ya koma shuɗi-shuɗi ki rugo ki kira mu ko tsakar dare ne. Kuma ba ya jin zahi in an taɓa wurin, ba kamar yadda kike tsammani ba, kumburin ma zai ragu a hankali cikin sati shida zuwa takwas. Ina sauraren ta sai na ɗaga kai, ashe duk wanga lokaci baban yara ba cikinshi yake kallo ba, huskata yake kallo. Ban san mi ya gani a wurin ba. Ya juya kai bango.

Daga wannan rana ya ɗauke magana. In na ce sannu ya ɗaga gira, in na kawo ruwan shafa leɓe ya kauda kai. Da anka cire tiyon hanci anka ce ya hwara kurɓar ruwa sannan kunu mai ruwa-ruwa, sai ya ƙi sha, na yi lallashi na gaji, sai da ƙanenshi ya matsa mishi sannan baban yara ya ce wai in bai ci ba ba abin da zai hito. Ku ji hwa. Mutum ya gwammace yunwa ta kashe shi da matarshi ta ga ƙazantarshi.

Kada ku manta lokacin da muke ciki, watan 8 ne na 2023, an yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga watan 7, Najeriya ta ruhe iyaka ta kuma yanke muna wuta, ke nan mu mutanen Maradi da komi namu ta Ɗan Issa da Jibiya yake shigowa mun shiga wani hali. A dare na shida wuta ta tahi, ana zahi ga sauro, ina gyangyaɗi bisa tabarma ƙarƙashin gado sai na ji yana kiran sunan ɗiyarmu ta hwari, don da shi yake kirana, a hankali ƙwarai awa mai tsoron a ji. Na haska tocilan waya. Posh ɗin ta cika ta ɓalle ta gefe, ta ɓata riga, zanen gado, har ta kusa kai wa ga fansama, wato bandejin da ke ruhe ɗinkin tsakiyar ciki. Ɗakin mutum shida ne, kowa da mai jinyarshi. Ya ce mani, ki tahi gida gobe, ki turo mani ƙanena, ba a amro ki don wannan ba.

Ban ce komi ba don na san in na buɗe baki kuka zai hito, shi kuma zai ɗauka kukan ƙyama ne. Na sa wayar a baki na riƙe da haƙora, na ɗauko bokiti da tsummokaran da na yayyaga daga tsohon zanena, na tare wajen fansama tukuna yadda majo ta nuna mani, na goge daga sama zuwa ƙasa da ruwa mai ɗumi daga filas, na naɗe zanen gadon na janye shi ta ƙarƙashinshi, matar mai gadon da ke kusa da mu, wata baiwar Allah daga wajen Tibiri da ko sunanta ban riƙe ba, ta tashi ba ta ce uffan ba ta karɓi wayar ta riƙe mani haske ta juya kanta gefe. Allah ya saka mata da aljanna. Da na gama na wanke hannu da sabuni, na dawo na zamna bakin gadon na aza tahin hannuna bisa cikinshi kusa da jakar na bar shi a nan. Na ce Malam, ranar da na haihi ƙaramin yaronmu jini ya ɓalle mani a ɗaki wa ya ɗauke ni da kayan jikina ya sa cikin adaidaita, wa ya wanke ɗakin kahin mata su taru? Ya yi shiru. Can sai ya ce akwai sauran kunu? Ya yi sanyi, amma ya sha rabin kohi.

Ina son matan da ke karanta wanga su ji wannan da kyau, don ba wanda ya san gobe. Mai irin wannan ciwo, hancinki da goshinki yake karantawa. Wari akwai shi, ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin hwarko sai na hita bayan ɗaki na yi amai na wanke baki na dawo. Amma a gabanshi ban ƙara yamutsa huska ba, kuma na hana Inna ƙona turaren wuta da zarar an buɗe jakar, don duk da alheri take nuhi, shi yana ji ne awa ana ce mishi kana wari.

Wahalar da ta hi ci mani rai ita ce ta posh ɗin kanta. Mun zagaye farmasin gari bisa kabu-kabu, nan a ce babu, can a ce ta ƙare ba a san ranar zuwa ba, inda anka samu kuma kuɗɗin sai ka riƙe baki, tunkiyata biyu sunka tahi a cikin wanga sha'ani. Akwai kwana huɗu da leda munka yi aiki, hwarar leda da filasta da ɗaurin ƙyalle, yadda na ga wasu masu jinya na yi. To abin da ke hita daga ƙaramin hanji ba irin bayan gidan da anka saba ba ne, ruwa ne mai kaihi don yana ɗauke da abin da ke narka abinci, in ya zamna bisa hwata cinye ta yake. Kahin ka ce mi kewayen wurin ya yi ja ya saɓule awa ƙunar ruwan zahi, yana cizon leɓe in na taɓa. Majo ta rubuta muna wani hwarin man zinki, ta kuma koya mani yanka bakin posh da almakashi daidai girman naman, kada ya matse shi kada kuma ya bar hwata a buɗe, a juye ta tun ba ta kai rabi ba, a canza da sassahe kahin ya ci komi don lokacin hanjin ya hi natsuwa. Daga baya yayanshi ya samu wani direba da ya sayo muna kwali guda daga Kano, anka biyo da shi ta hanyar daji bisa babur. Ranar da kwalin ya iso na rungume shi awa jariri.

Sai maganar ruwa. Tunda abincin ba ya kai wa babban hanji inda jiki ke tsotse ruwa da gishiri, nan da nan mutum ke bushewa, ido ya zurma, hitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, jiri ya kama shi. Kullum sai na dama mishi SRO, wato garin gishiri da sukari na maida ruwan jiki, sashe guda cikin litar ruwa tahwasasshe, ya yi ta kurɓa har dare. Shinkahwa mai taushi, ayaba, ɗan tuwo da miya marar yaji, su ke sa abin ya yi kabri. Gujiya, masara gasassa, rake, kwaɗon zogale duk an ce ya dakata don suna iya toshe bakin, kuma komi zai ci ya tauna sosai. Gujiyar ce ta hi yi mishi ciwo, damana ce ga ɗanya na shigowa gari.

Tahiya ma dole anka sa shi, tun rana ta biyu, wai kwanciya na sa jini ya daskare a ƙahwa huhu ya cushe. Hannunshi guda bisa kahwaɗata, ni riƙe da sandar ƙarin ruwa, daga gado zuwa ƙohwa, gobe zuwa baranda, jibi har gindin bedin da ke tsakar gidan likita.

Abu guda ya rage da ya ƙi taɓawa, salla. Tun da ya farka bai yi ba, yana cewa ƙaƙa zai tsaya gaban Allah da najasa rataye a jiki. Na aika anka kira malaminsu na makarantar dare. Malam ya zo bayan la'asar ya zamna bakin gado, ya ce hukuncinka na mai lalura ne, irin mai yoyon hitsari da ba ya iya riƙewa, ka juye jakar, ka yi alwala ko taimama in ruwa zai cuce ka, ka yi sallarka a zamne ko a kwance, abin da ya hito bayan nan ba a kanka yake ba. Baban yara ya tambaya har sau uku, malam ya maimaita mishi har sau uku bai ƙosa ba.

Da anka kira magariba na juye jakar, na goge mishi jiki, na ɗaura mishi sabon zane na kawo buta da roba. Na jingina shi da matashi biyu ya huskanci gabas. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai jakar ta yi ƙara, irin ƙarar iskar nan da ba shi da ikon riƙe ta, duk ɗakin anka ji. Hannunshi ya tsaya a sama. Tsohon da ke gadon ƙarshe ya ce ci gaba ɗana, Allah ya karɓa. Ya yi kabbara.

Kwana 19 munka yi anka sallame mu. Abin da ya hwaru ranar da munka shiga gida, da maganar da wata daga cikin dangi ta yi a gaban yarana har na kasa haɗiye ta, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.