Sati na bakwai: naushin haɓa ya ba ni mamaki

Salam 'yan uwa masu koyo, kwana biyu kun ji ni shiru ko? Wallahi ƙoƙon kan nan ne ya riƙe ni, wato modal ɗin kan mutum da nake haɗawa a kwamfuta don in ga abin da duka a fuska ke yi wa ƙwaƙwalwa. In kun tuna na ce zan ciro ƙashin fuska da na kai daga hoton sikanin a 3D Slicer (sofwayar sarrafa hotunan sikanin na asibiti), to na gama, amma wajen karan hanci da kwarmin ido ya ba ni wahala ba kaɗan ba, ƙashin wurin siriri ne kamar ɓawon ƙwai, sofwayar sai ta riƙa barin huji, dole na bi da hannu ina cikewa yanki-yanki.

Bayan na yayyanka modal ɗin zuwa ƙananan gutsattsari na zuba a OpenRadioss, sofwayar da ke lissafa yadda abu ke yi in an buge shi (an sake shi kyauta a 2022, ni dai ba ni da kuɗin takwaransa LS-DYNA), gwajin farko sai ƙwaƙwalwar ta tsaya ƙiƙam kamar dutse. Kwana biyu ina zargin kwamfutata, ashe ni ne na cakuɗa ma'auni, tsawo na sa da milimita nauyi kuma na bar shi yadda na kwafo. Don Allah ku duba wannan kafin komai. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar lissafi, wannan kam kun san shi.

Abin da nake son ganewa shi ne maganar nan da likitoci suka daɗe suna ja-in-ja a kai: wasu na cewa fuska garkuwa ce, in ta karye ta shanye ƙarfin dukan kafin ya kai ƙwaƙwalwa, wasu kuma na cewa a'a ita ce ma ke miƙa shi ciki. Sai na yi duka iri biyu da ƙarfi ɗaya, ɗaya a hanci ta gaba, ɗaya a haɓa ta gefe. Na hanci matsi ya taru a gaban ƙwaƙwalwa ya ragu ta ƙeya, daman haka na zata, irin yanayin da wani mai bincike, Nahum, ya auna a gawawwaki a 1977 wanda kowa ke gwada modal ɗinsa da shi. Amma na haɓa fa, kan ya juya da sauri, ƙoƙon ya tafi ƙwaƙwalwar ta biyo baya a makare, launin ja mai nuna inda ƙwaƙwalwa ta fi jigata ya bazu har can ciki inda ko kusa da wurin dukan bai kai ba. Na daɗe ina kallon allon. Wani masanin kimiyya, Holbourn, ya faɗi haka tun 1943 a Ingila da modal na jeli, cewa ƙwaƙwalwa tana jure matsi amma ba ta jure murɗiya, amma gani da ido daban ne. Nan take na tuna 'yan dambe, shi ya sa ake harin muƙamuƙi, mutum ya zube alhali fuskarsa ko ƙwarzane babu.

Kada ku ɗauki sakamakona da zafi tukuna, ƙashin modal ɗina ba ya karyewa, lanƙwasa kawai yake ya dawo, kenan maganar garkuwa ban ma taɓa ta ba. Wuya ma ban sa ba, kan yana shawagi ne kawai. Sati mai zuwa zan gwada sa gutsattsarin ƙashi su riƙa gogewa in sun kai iyaka, in ga ko layin karayar zai bi hanyoyin karayar ƙashin fuska ukun da likitan Faransa Le Fort ya zayyana a 1901. Wanda ya taɓa daidaita ruwan da ke tsakanin ƙoƙo da ƙwaƙwalwa ba tare da lissafin ya tarwatse ba, ya taimaka ya nuna mini yadda ya yi.