Iya ruwa fid da kai

Ranar da na je neman aiki a wani shagon hayar ƙananan jiragen ruwa a Ingila, tambaya ɗaya dattijon mai shagon ya yi mini: "Ka iya ruwa?" Na ce masa a Yawuri aka haife ni, a bakin kogin Kwara, kakana masunci ne, kuma tun ban kai shekara goma ba nake riƙe filafili. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wata rigar roba mai manne jiki da rigar hana nutsewa, ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa rawaya, wanda ake kira kayak, da ke kan yashi. Ya ce in tuƙa shi zuwa inda ruwa ya shanye tsayina, in kifar da shi da gangan, sannan in sake hawa. Shi kuma zai biyo ni a nasa.

Watan Afrilu ne, rana ta fito fes, ruwan ya kwanta lumus kamar an shimfiɗa tabarma. Na karkata jiki na faɗa. Kafin in yi tunanin komai, ƙirjina ya ja numfashi da kansa, na shaƙi ruwan gishiri, zuciyata ta shiga dukan tara-tara, yatsuna suka ƙi kama igiyar gefen jirgin. Muryarsa kawai nake ji yana cewa, "Kada ka yi iyo, ɗana. Kwanta rigingine, buɗe hannuwa, jira." Na jira. Bayan kamar minti ɗaya numfashina ya daidaita. Sau uku ina yunƙurin hawa jirgin yana sake juyowa a kaina, sai a na huɗu na gane yadda ake yi: ka bar ƙafafunka su taso saman ruwa ta baya, ka ja cikinka a kan tsakiyar jirgin kamar kada mai hawa gaɓa, sannan ka juya ka zauna.

Zafin ruwan ranar bai wuce digiri 10 ba. Duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya yi wa mutum wannan fizgar numfashi, ko da gwanin iyo ne, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninkin-ba-ninki. A gida ban taɓa sanin ruwa yana kisa ta hanyar sanyi ba. Shi ya sa dokar farko a wurin aikin ita ce sanyin ruwa ake yi wa shiri, kada hasken rana ya ruɗe ka.

Wurin shi ne mashigin teku na Poole, a yankin Dorset da ke kudancin Ingila. Karatu ya kai ni, kuma takardar izinin ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako, shi ne na samu wannan a ɗan shagon da ke ba da hayar kayak yana kuma raka masu kamun kifi na shaƙatawa. Teku ce ta kutso cikin ƙasa ta yi wani makeken tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 36, da tsibirai a ciki, babbansu Brownsea. Ƙasa ta kewaye shi ta ko'ina in ban da wata 'yar ƙofa ta wajen unguwar Sandbanks wadda faɗinta bai fi mita 300 da 'yan kai ba. Yawancinsa ba shi da zurfi, wurare da yawa ruwan ko ƙugu bai kai ba. Wanda ya tsaya a gaɓa zai rantse ko yaro ya isa ya ratsa shi.

Kayak kuwa asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na can arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbobin teku a kan ƙirar itace ko ƙashi su fita farauta. Namu na roba ne, tsawonsa kamar mita 4, a samansa ake zama, kuma yana da 'yan ramuka a ƙasa da ruwa ke tsiyayewa in igiya ta watso. Filafilinsa baki biyu ne. Sai da hannuna ya yi mako biyu kafin ya daina neman tuƙi ta gefe ɗaya irin na kwalekwale.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan da ke sauya alkibla. Kogin da na sani gabansa ɗaya, daga sama yake gangarowa, cikarsa da janyewarsa kuma sha'anin watanni ne. A nan kuwa cikin yini guda ruwa zai shigo, ya tsaya, ya juya ya fice. Poole ma tana da nata hali na daban: ruwan kan cika, ya ɗan sauka, ya sake cika, kafin ya janye gaba ɗaya. Maigidana ya ba ni wani ɗan littafin jadawali mai cike da lambobi, na yi ta fama da shi ban kama kansa ba, har ranar da ya ce mini wata ne ke jan ruwan. Nan take abin ya faɗa mini. Ashe kalandar da ke cikin kaina tun ina makarantar allo ita ce jadawalin. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, rana da wata suna jan teku a layi ɗaya, sai cikar ta yi yawa, janyewar ta yi nisa, gudun ruwa ya yi ƙarfi. Wajen bakwai ko takwas ga wata, da wajen ashirin da biyu, ruwan kan yi sanyin jiki. Kullum kuma lokacin cikar yana ja baya da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata ke yi. Daga ranar, in na fito sallar asuba na ɗaga kai sama, na san irin ruwan da zan tarar. Har yau abin yana sa ni yin tasbihi.

Sanin nan ba ado ba ne. Duk ruwan da ya cika wannan makeken wuri ta 'yar ƙofar Sandbanks zai fita, don haka in babbar janyewa ta kama, gudunsa a wurin ya fi ƙarfin damtsen mai tuƙi. Ga jirgin fito mai tafiya a kan sarƙa yana kai da komo a daidai bakin, ga manyan jiragen da ke zuwa Faransa suna bin hanyarsu. Ba ma kai baƙo kusa da can. A can ciki kuma matsalar taɓo ce. Sau ɗaya na shagala da kifi a wani lungu, ban ankara ba ruwa ya zare ya bar ni a kan laka mai wari, wadda in ka sa ƙafa sai ta haɗiye ka har cinya. Na zauna cikin jirgin sama da awa biyu ina kallon tsuntsaye suna tonon tsutsa, har ruwa ya dawo ya ɗaga ni. Maigidana bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Da ka sauka da ƙafa, da yanzu wata maganar ake yi."

Haka batun anga. Ba a taɓa ɗaure ta a gefen kayak, domin ruwa mai gudu zai danna gefen ya kifar da kai cikin ƙiftawar ido. Akwai igiya mai zagayawa a jikin jirgin da ke kai ɗaurin can baya ko can gaba, kuma wuƙa tana maƙale a ƙirjin riga don ranar da za a yanke.

Kifin kansa ya koya mini haƙuri irin wanda ban zata ba. Akwai wanda suke kira malet, mai kaurin leɓe, da ke yawo garke-garke a ruwa marar zurfi. Da burodi ake kama shi. Za ka jiƙa gutsattsarin burodi ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, ka ajiye filafili a kan cinya, ka bar jirgin ya sulale. Sai ka ga bayansu yana yanka ruwa, leɓunansu suna tsotsar burodin ɗaya bayan ɗaya, su zo kan wanda ke da ƙugiya su kewaye shi su wuce. In gwiwarka ta bugi jikin jirgin, shi ke nan, sun watse. Amfanin kayak ke nan: ba inji, ba ƙara, yana shiga inda ruwa bai kai kamu biyu ba. Da hunturu kuma akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, idanunsa biyu a gefe ɗaya, yana kwance a kan laka, da tsutsar teku ko ƙaguwa ake yaudararsa.

Wanda kowa ke buri shi ne kifin bas, fari tas kamar azurfa, mai ƙaya a baya. A kansa na sha gwagwarmaya da zuciyata. Doka ta ce duk wanda bai kai santimita 42 ba a mayar da shi ruwa, adadin da mutum zai tafi da shi gida ma an ƙayyade, kuma akwai watannin da aka hana kama shi daga cikin jirgi a babban ɓangaren mashigin, don nan ne ƙananan ke girma. Ranar da na fara ɗora wani a kan ma'auni ya nuna 40, na cire ƙugiya, na riƙe shi cikin ruwa har ya buga wutsiya ya tafi, sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. A gidanmu wannan miyar dare ce ta mutum biyar. Ban kuma yarda a kwatanta mai su don nishaɗi da mai su don ciyar da iyali ba, nauyin da ke kansu ba ɗaya ba ne. Amma da na fahimci cewa kifin nan yana shekaru kafin ya isa yin ƙwai, sai na tuna yadda kakana ke ƙorafin masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, yana cewa giwan ruwan da ake kamawa yanzu ƙannen na da can ne. Magana ɗaya suke yi da dokar, shi dai ba shi da ma'auni a hannu.

Aiki mafi wuya da aka ɗora mini bai shafi tuƙi ba. A shekarata ta biyu maigidana ya fara barin shagon a hannuna. Wata Asabar wani mutum ya iso da ɗansa mai shekara kamar goma sha biyu, sun yi tafiyar awa uku a mota, sun biya kuɗi tun makon da ya wuce. A bakin gaɓarmu ruwan shiru yake, domin gine-gine da itatuwa sun tare iskar. Amma hasashen yanayi ya ce za ta kai mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin iska na Bofot, wato kilomita 20 zuwa 28 a awa, kuma daga tudu take busowa tana tura komai zuwa tsakiya. Irin wannan iskar ita ce macuciya: fita da daɗi, dawowa ba hali. Ga shi sha shida ga wata, janyewa za ta fara da azahar. Na ce masa yau ba za a shiga ba. Ya nuna mini ruwan da hannu, ya ɗaga murya, ya ce a kira masa mai wurin. Yaron ya sunkuyar da kai, sabuwar fatsarsa a hannu. Kunya ta kama ni ƙwarai, don an rene ni a kan cewa ba a mayar da baƙo hannu rabbana, ga shi kuma ya girme ni. Na mayar masa da kuɗinsa, na kwatanta musu wani wuri a gaɓa da za su iya jefa fatsa daga tudu. Ba su ko yi mini sallama ba. Wajen ƙarfe biyu tsakiyar mashigin ya yi fari fat da kumfa. Mutumin bai dawo ba, ban kuma san ko ya gani ba.

Hedikwatar ƙungiyar ceton rayuka a teku ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, a garin Poole take, kuma yawancin masu fita ceton 'yan sa-kai ne da ke barin aikinsu ko barcinsu in an kira. Duk mai fita a jirginmu sai ya sa rigar hana nutsewa ya ɗaure ta tsam, mai rakiya kuma yana da oba-oba a aljihun riga, ba a cikin jirgi ba, a kan tasha ta 16 da masu gadin teku ke saurare dare da rana. Kafin a tashi sai an rubuta inda za a je da lokacin dawowa. Duk wannan don mutum uku ko huɗu da suka fita shaƙatawa.

Ba na iya ɗaura wa baƙo rigar nan ban tuna Warra ba. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a can, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin masarautarmu, kaɗan ne suka tsira. Mutanen da suka tashi a bakin ruwa ne, da yawansu sun fi ni iya iyo nesa ba kusa ba.

Da na karɓi kuɗin aikina na ƙarshen bazara, na aika gida aka sayo riguna shida aka kai wa yayana da ke fito da mutane ranar kasuwa. Bayan mako biyu na kira mahaifinmu.

"Baba, Yaya yana sa rigar kuwa?"

Ya ce, "Yana ba mata da yara. Shi dai ya ce zafi take masa, kuma kada a ce ɗan masunta yana tsoron ruwa."

Na ce, "Baba, don Allah in ya shigo a ba shi waya."