Waldar agon a kan ƙarfe mai kaurin rabin milimita: inda na kai a wata na huɗu

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu koyo. Wata huɗu ke nan tun da na fara tsayawa bayan sallar Isha'i a warshar da nake aiki a Jidda domin koyon waldar agon, wadda takardun injin suke kira TIG (agon gas ne da yake kare narkakken ƙarfe daga iska a lokacin walda), kuma sai a makon nan ne na iya haɗa falle biyu na istil, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, masu kaurin rabin milimita sau goma a jere ba tare da ko ɗaya ya ɓule ba. Da rana aikina ƙofofi ne da tagogi, da waldar sanda a kan amfiya 90 zuwa 110, inda ƙarfen yake da kaurin da zai shanye kuskuren mutum. Siririn ƙarfe ba ya ɗaukar kuskure ko kaɗan, shi ya sa nake so in rubuta muku abin da ya gyaru a hannuna da dalilin gyaruwarsa, tun abin yana sabo a kaina.

Abin da ya cinye mini wata biyu na farko shi ne zaton da na yi cewa maganin ɓulewa shi ne rage wuta. Ƙa'idar da ake bai wa mai koyo ita ce kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin baƙin ƙarfe, a kuma rage kaɗan idan istil ne, domin shi ba ya saurin watsa zafi, yana riƙe shi ne a daidai inda aka zuba masa. Bisa wannan lissafi, rabin milimita yana neman wuta tsakanin amfiya 15 da 20. Ni kuwa duk lokacin da na ga rami sai in murɗa injin ƙasa, daga 18 zuwa 15, daga 15 zuwa 12, har na kai 10, wanda shi ne iyakar abin da injinmu yake riƙewa kafin harshen wutar ya fara yawo. Ramukan sun ragu, amma fallen ya riƙa fitowa a tanƙware kamar busasshen ganye, layin waldar kuma ya yi launin toka, alamar cewa ƙarfen ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa.

Dattijon da yake kula da warshar, wanda duk muke kira mu'allim, Bahaushe ne haifaffen Makka, kuma ya daɗe yana waldar bututun istil kafin ya dawo aikin ƙofofi. Wani dare ya tsaya a bayana yana kallo ta gilashinsa, sai ya ce, “Ɗana, ƙara wutar, ka saki hannunka.” Na ce, “Baba, ai a 18 ɗin ne yake ɓulewa.” Ya ce, “Ba wutar ce take ɓula shi ba, daɗewarka ce a wuri ɗaya.” Ya sa na ja layi mai tsawon santimita biyar a kan amfiya 12 yana duba agogonsa, layin ya ɗauke ni daƙiƙa 40, saboda a irin wannan wuta sai an jira kafin ƙarfen ya narke, kuma a duk tsawon jiran zafi yana bazuwa cikin fallen. Da ya karɓi tocin, wato abin da ake riƙewa a hannu ana waldar, ya mayar da injin 18, cikin daƙiƙa 15 ya gama layi mai tsawo ɗaya. Ku ninka da kanku: 12 sau 40 ya ba da 480, alhali 18 sau 15 bai wuce 270 ba. Wutarsa ta fi tawa yawa, amma zafin da ya shiga ƙarfensa kusan rabin nawa ne, kuma layinsa ya fito da launin karan dawa mai sheƙi, fallen yana kwance sumul. Mun taso muna jin cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma gaskiya ne a yawancin al'amura, amma a kan siririn istil jinkirin hannu shi ne yake ƙona aiki.

Sai dai gudun hannu ba ya yiwuwa idan haɗin bai zauna ba, kuma a nan ne na gane ainihin abin da yake ɓula mini aiki a amfiya 18. Ina yanka fallen ne da almakashin ƙarfe, bakin yankan yana ɗan lanƙwasa, sai a sami 'yar tazara tsakanin falle biyun wadda ido da ƙyar yake gani. A ƙarfe mai kaurin milimita uku wannan tazarar ba komai ba ce, waya za ta cike ta. A rabin milimita kuwa, da zarar wuta ta taɓa bakin da ba ya jingine da ɗan'uwansa, sai kowane baki ya narke ya dunƙule ya ja baya, rami ya buɗe tun kafin mutum ya kai wayar ciko. Yanzu nakan goge bakin kowane falle da zarto mai laushi, in haɗa su in ɗaga su zuwa fitila, kuma muddin haske yana ratsawa ta tsakani ba na kunna inji. Bayan haka nakan goge su da asiton, in ɗora su a kan faffaɗan jan ƙarfe mai kauri, in danne gefe biyun kusa da haɗin, sa'annan in ɗiga ƙananan ɗigo a kowace santimita ɗaya domin riƙe su. Jan ƙarfe yana jan zafi fiye da istil sau ashirin da wani abu, saboda haka yana zuƙe rarar zafin daga ƙasa, yana kuma tare narkakken ƙarfen kada ya zube. Shirin nan yana cin minti goma, waldar kanta ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ban yarda akwai hanyar gajarta shi ba.

Allurar tangistan, wato siririn ƙarfen bakin toci da harshen wutar yake fita daga tsininsa, ita ce abu na biyu da na sauya. Na fara da mai kaurin milimita 2.4 da aka saba amfani da ita a warshar, wadda a ƙaramar wuta ba ta yin zafin da harshen zai tsaya a tsininta, sai ya riƙa tsalle daga gefe zuwa gefe. Na koma mai milimita 1.6, daga baya na sami mai milimita 1.0, kuma da ita nake aiki yanzu. Na zaɓi mai alamar toka-toka a gindi, wadda aka gauraya da siriyom, domin tana kama wuta cikin sauƙi a ƙaramin amfiya. Mai jar alama ma tana aiki da kyau, amma tana ɗauke da toriyom, wanda ƙurarsa ba ta da kyau a huhu idan ana wasa ta, don haka wanda zai yi amfani da ita ya rufe hancinsa. Ana wasa allurar ne a tsaye, yadda zanen dutsen zai bi tsawonta zuwa tsini, ba a kewaye ba, kuma nakan bar tsinin ya kai kamar ninki uku na kaurinta. Kada a wasa ta da sarukh ɗin da ake yankan baƙin ƙarfe da shi, wato injin nan mai faifan dutse, domin dattinsa zai bi ta zuwa cikin waldar. Tangistan ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyos, amma da zarar tsininsa ya taɓa narkakken ƙarfe ya gurɓata, dole a tsaya a sake wasawa. Nakan wasa guda shida a gefe biyu kafin in zauna, saboda na lura cewa idan ɗaya ce kawai a hannuna, zuciya takan raya mini in ci gaba da gurɓatacciya.

Tazarar da ke tsakanin tsinin allura da ƙarfe ba ta wuce milimita ɗaya, kuma riƙe wannan tazara aikin ido ne kafin ya zama na hannu. Hular da nake amfani da ita da rana tana kan duhu mai lamba 11, wanda a amfiya 15 ba ya barin mutum ya ga ɗan kududdufin narkakken ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba. Na sauke ta zuwa lamba 9, na ƙara mata saurin jin haske domin ta daina buɗewa a tsakiyar aiki, na kuma maƙala gilashin ƙara girma a ciki. Nakan zauna a kujera, in kafa gefen tafin hannuna a kan tebur, in gwada jan tocin daga farkon layi zuwa ƙarshensa ba tare da wuta ba, domin in tabbatar babu inda hannun zai maƙale. Kada ƙanƙantar wutar ta ruɗe ku ku naɗe hannun riga, domin haskenta yana ƙona fata kamar na babbar wuta.

Batun gas ya haɗu da yanayin garin nan. Da kofin bakin toci mai lamba 6 da 'yar ragar da take daidaita fitar gas, lita shida a minti ta wadatar da ni, kuma ƙara shi fiye da kima yana haddasa guguwar da take jawo iskar waje cikin waldar. Matsalar ita ce zafin Jidda da gumin da ke tare da shi, wanda ba ya barin mutum ya zauna babu fanka, alhali iskar fanka ko ta mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana kwashe agon daga kan aikin nan take. Na kafa fallayen ƙarfe uku kewaye da teburin, na juya fankar tana bugun bayana daga ƙasa. Ban rufe ƙofa ba, ba kuma zan ba kowa shawarar rufewa ba, domin agon ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yana taruwa a rufaffen wuri ya kore iskar numfashi, ga kuma hayaƙin istil da ke ɗauke da kuromiyom. Idan na kashe wuta nakan bar tocin a wurin daƙiƙa biyar ko shida gas yana zuba, har ƙarshen layin ya huce a ƙarƙashinsa.

Wannan walda tun asalinta don irin wannan aiki aka ƙirƙiro ta. A shekarar 1941 ne Russell Meredith na kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka ya kammala ta domin haɗa maganiziyom na jikin jirgi, kuma da gas ɗin hiliyom aka fara, shi ya sa aka kira ta Heliarc kafin agon ya mamaye kasuwa saboda araharsa. Sanin haka ya kwantar mini da hankali a lokacin da nake zargin cewa ina tilasta wa injin abin da ba nasa ba ne.

Aikin gaske na farko da na yi shi ne butar shayi ta wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda hancinta ya tsage a inda ya haɗu da jiki. Ta ce mini, “Ɗan nan, idan ba za ta gyaru ba ka dawo mini da ita haka, ta mahaifiyata ce.” Na ce, “In Allah ya yarda, Goggo, ba zan taɓa ta ba sai na gwada a wata.” Na sayi tsofaffin butoci biyu a haraji, wato kasuwar gwanjo, na yi gwaji a kansu, kuma a nan na ga abin da faffaɗan falle bai nuna mini ba. Waje ya yi kyau, amma da na leƙa ciki sai na tarar bayan waldar ya yi baƙi ya yi kaushi kamar ƙonannen sukari, saboda babu jan ƙarfen da zai rufe shi, iska ta ci shi yana da zafi. Irin wannan wuri yana tara datti yana kuma tsatsa, ga shi ta nan shayin zai bi. Maganinsa shi ne a cika cikin butar da agon kafin a fara. Na raba gas ɗin gida biyu, na rufe bakin butar da takardar alminiyom, na zura siririn tiyo har ƙasanta, na bar ƙaramar kafa a sama domin iskar ciki ta fita, na jira minti biyu. Da yake jikin butar ya fi hancin kauri, na karkata harshen wutar wajen jikin, na bar narkewar ta gangaro ta kama hancin, ina ɗiga waya mai lamba 308L mai kaurin milimita 0.8. Na yi ta ne guntu-guntu, santimita ɗaya a nan, ɗaya a ɗaya gefen, ina barin ta ta huce. Na cika ta da ruwa ta kwana a kan takarda, da safe takardar tana bushe, kuma cikin haɗin ya fito fari tas.

Injinmu yana da tsarin bugun wuta, wanda yake ɗaga ta yana sauke ta a jere, amma na ajiye shi tukuna, domin ina ganin zai rufe mini aibin hannuna a lokacin da nake bukatar ganinsa.

Matsalar da ta rage mini ita ce farkon kamawa. Ko da na saita injin a amfiya 12, a ƙiftawar farko yakan saki wutar da ta fi haka, kuma a falle mai kaurin milimita 0.3 da na fara gwadawa shekaranjiya, wannan ƙiftawar kaɗai ta isa ta cinye bakin. A yanzu ina kama wutar ne a kan jan ƙarfen da ke ƙasa, sa'annan in taka da ita zuwa kan haɗin, kuma cikin gwaji takwas uku sun tsira. Mu'allim ya ce in gwada jingina ɗan guntun istil mai kauri a farkon layin in fara a kansa, in ɓalle shi daga baya, kuma da wannan zan fara ranar Asabar idan Allah ya kai mu. Duk wanda a cikinku injinsa yake da wurin saita wutar farawa daban, ina roƙonsa ya gwada ta a kan amfiya 5 da falle mai wannan kauri, ya gaya mini ko harshen yana tsayawa a tsinin allura mai milimita 1.0 ko kuwa yana yawo.