Aska ba ta son hankali biyu

Wanzanci gadon gidanmu ne. Kakana ya yi shi tun Maradi tana can ƙasa bakin Gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa gari ya hau tudu. Mahaifina ya karɓi zabira daga hannunsa, ni kuma yau ga ni da rumfata a unguwar Zariya, muna aski da gyaran gemu da ƙaho, askin suna kuwa har gida muke zuwa.

Mutane na zaton sirrin aikin nan yana ga kaifin aska. Kaifi kowa na iya samu, dutse ne da haƙuri. Abin da ya fi wuya shi ne mutum ya tara hankalinsa wuri ɗaya, a kan da ke gabansa. Baba, Allah ya jiƙansa, ya daɗe bai ba ni aska ba. Sai dai in durƙusa in riƙe masa kan mai aski, can ya jefo mini tambaya: "Kai, ina nauyinka yake, a gwiwa ko a dunduniya?" In na tsaya tunani sai ya ce hankalina ya tafi kasuwa. A wurinsa na koyi cewa jiki ne ke fara tona asirin zuciya. In na ji haƙorana sun cije, ko kafaɗa ta ɗago ta nufi kunne, na san tunani ya ja ni wajen kuɗin haya ko wata magana ta jiya. Sai in ɗaga askar, in ji tafin ƙafata a kan tabarma, in saki numfashi, sannan in ci gaba. Har yau ba na jan aska sai lokacin da numfashi ke fita, don a nan hannu ya fi tsayuwa.

Inda wannan horo ke biyan mutum shi ne ranar suna. Jariri ɗan kwana bakwai, fatar kansa ta fi komai laushi, ga maɗiga a tsakar kai inda ƙashi bai haɗe ba, ba kuma zai rufe ba sai yaro ya kusa shekara ɗaya da rabi. In na ɗora yatsa kusa da ita ina jin tana harbawa a hankali. Mata na guɗa, maroƙa na kirari, yara na ture-ture, amma ni ba abin da nake ji sai ɗumin ruwa a tafina da motsin yaron a cinyar gwaggonsa. Kafin ya zabura, wuyansa ke fara tauri, kuma hannun da ke sauraro ya riga ya ɗaga.

To a nan ne raina ke ɓaci da yaran da suka cika bakin titi. Mutum ya sayi injin aski da madubi, ya kafa kujera, shi ke nan ya zama wanzami. Hannu ɗaya a kan mutum, ido a salula, kunne a toshe da waƙa. Wasu ma reza ɗaya za su yi wa mutum uku da ita, alhali ciwon hanta da sida ta jini suke bi. Mu kowane kai da sabuwar rezarsa, a gabanka za a ɓare ta. Duk da haka sai Alhaji ya zauna ya ce, "Haba wanzam, can gaba dala ashirin ake yi." Ai gaban nan ba a rufe yake ba, Alhaji.

Masu zuwa ma ina lura da su. Ɗan kabu-kabu ya wuni a rana, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ya zo ya zauna wuyansa a sandare bai sani ba. Nakan ce, "Malam, ajiye wayar nan, saki kafaɗarka, ji ruwan nan a ƙeyarka." Kafin aski ya zo gaban goshi numfashinsa ya sauka, wani har gyangyaɗi yake. Ba baƙon abu ba ne a wurin musulmi. Manzon Allah (SAW) ya mayar da mutumin da ya yi salla da garaje, ya umarce shi ya natsu a ruku'u da sujada har gaɓoɓinsa su zauna. Ya kuma ce wanda ya yi fushi a tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta.

Ƙaho kuwa mun fi yinsa ranakun 17, 19 da 21 ga watan Musulunci, kamar yadda ya zo a hadisi, da safe kafin rana ta yi zafi. Mai ƙarancin jini, da mai ciki, da wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, ba na yi musu ko nawa za su biya. Wanda zai zo ya zo da lokacinsa a hannu, don in kai ya shiga hannuna ba na amsa waya, ba na kuma barin yarana su amsa.