Sun ce Inna ba ta son ɗanta

A makarantar da nake koyon zanen katun a Angulem ta ƙasar Faransa akwai wata al'ada da har yau ban saba da ita ba. Kafin ka ƙarasa aiki sai ka haska shi a gaban 'yan ajinku, kowa ya faɗi abin da ya gani, kai kuwa ba ka da bakin magana sai sun gama. Malamin, wanda suke kiran sunansa gatsal, yana gefe yana kurɓar kofi.

Nawa aikin gajere ne, ko launi ban sa masa ba tukuna. Yaro ne zai bar Damagaram, uwarsa ta rako shi tasha. Ba ta rungume shi ba, ba ta dube shi ba, sunansa ma bai fito daga bakinta ba. Ta miƙa wa ƙanwarsa ƙullin kilishi ta ce, "Ba wancan." Mota ta tashi, ita kuma ta juya tana gyara mayafi. Duk daƙiƙa ɗaya a katun zane 12 take ci, wani lokaci 24, kuma wannan juyawar ita ta fi cinye mini dare.

Ana kunna fitila wani ya ce uwar nan ba ta da zuciya. Wata ta tambaya ko kishiyar uwa ce. Na ukun, da kyakkyawar niyya, ya ce in ƙara wani wuri a baya da zai nuna abin da ya haɗa su faɗa. Faɗa! Ni ne fa yaron, kuma ni ne ɗan fari. Inna ce suka baje a kan tebur suna juyawa, ni kuma doka ta ce in yi shiru in rubuta. Na rubuta ɗin, hannuna na rawa.

Da aka ba ni dama na yi bayani da Faransancina na lakwal, wanda ke guduwa in raina ya ɓaci. Malamin ya saurara ya ce, "Ranar da za a nuna fim ɗin ba za ka bi kowane ɗan kallo kana yi masa wannan bayani ba." Na san maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma ta fi ciwo. To amma wa ya ce su nake zana wa? Ko yaron goye a Birni ya ga wannan juyawar ya san abin da ke cin matar nan. Kuma ba yau Nijar ta fara katun ba. Tun shekarun 1960 Mustafa Alasan ya fara zana kwaɗi yana yi wa shugabanni shaguɓe da su, ya je har Kanada ya ƙaro sani wajen gwanin katun Norman McLaren, ya dawo ya zauna a Tawa. A ajin nan ba wanda ya taɓa jin sunansa, a garin da ke tinƙaho da bikin littattafan zane tun 1974, garin da har bangon gidaje zane ne.

Wata 'yar Koriya ce kaɗai ta tare ni a matakala bayan an tashi. Ta ce kar in taɓa fuskar uwar, in matso da kyamara kan hannunta, a ga tana ƙara ɗaure ƙullin da ya riga ya ɗauru. Ban ce mata komai ba, domin kuwa haka ɗin Inna ta yi, kuma ban zana ba.

Da dare na tura wa ƙanwata Hadiza fim ɗin ta WhatsApp na ce ta nuna a gida. Sai ga saƙon murya, tsakar gida ta cika da shewa. Inna daga nesa tana cewa, "Ki gaya wa wancan, ni ban taɓa ɗaura zani a haggunce ba." Ita ke nan gyaranta. Baffa kuwa har yanzu kwamfuta ya san nake karanta, an haɗa baki an bar shi a haka, don in ya ji zanen mutane ne sai an yi zama.

Bikin Hadiza bayan babbar salla ne, kuma kowa ya zuba ido ya ga yayan amarya. Tun juyin mulkin 2023 jirgin Faransa ya daina sauka a Yamai, sai an zaga ta Kasabalanka ko Istambul, sannan a hau mota kusan kilomita 900. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai ma a rufe yake tun farkon 2024, in takardata ta zama ta samu matsala ina can ban san ƙofar da zan buga ba. Hadiza ta ce in kuɗin jirgi ne in bar shi in aiko na gado da katifa. Inna ba ta ce in zo ba, ba ta ce kar in zo ba, ta dai sa an tambaye ni ko rigar sanyin da Kawu ya ba ni tana nan.