Tumatir da Attaruhun da Suka Tsumbure a Gadon Reno: Inda Aiki Ya Kai

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu koyon aikin lambu. Bana ne karon farko da na bar shuka a buhuna da tsofaffin bokitai a tsakar gida, na sauka ƙasa sosai a wani ɗan fili da ke bayan gidanmu a gefen Zariya. A ƙarshen watan Nuwamba na zuba irin tumatir UC82B da tattasai da attaruhu a gadaje uku, kuma duk sun tsiro lafiya. Sai dai lokacin da ya kamata a ce tumatir ya isa dashe, wato mako 3 zuwa 4 bayan shuka, da ganye huɗu ko biyar ban da biyun farko, rabin gadon bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, tattasai ya ɗashe, attaruhu kuwa ya tsaya cak.

Duk wanda ya leƙo ta kan zana, shawararsa ɗaya ce: a watsa yuriya. Na ƙi yin haka, domin yuriya taki ne mai ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, kuma saiwar da ta riga ta jikkata ba ta iya shan abinci, sai dai ya ƙarasa ta. Ganye yana nuna cewa akwai damuwa, amma ba kasafai yake faɗin daga ina ta fito ba, tunda ƙishi da yawan ruwa da sanyi da yunwa duk suna iya sa shi ya yi rawaya. Saboda haka na ɗauki cokali, na tono 'yan tsirrai daga kowane gado tare da ƙasarsu, na wanke su a hankali cikin kwanon ruwa, na jera su a kan farin faranti. A nan ne na ga ashe ciwo uku ne daban.

Tumatir ɗin da ke ɓangaren tudu saiwarsa fara ce sol, ta yi rassa da siraran gashi masu riƙe ƙasa. Wanda ke ɓangaren gangare kuwa saiwarsa gajera ce, ruwan ƙasa, kuma da na murza ta tsakanin yatsu biyu sai ɓawonta ya saɓule ya bar wani zare a tsakiya. A wasu, daidai inda kara ya taɓa ƙasa, ya tsuke ya yi baƙi, har tsiron ya kwanta. Wannan shi ne ruɓewar gindi da ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ke haddasawa, kuma babu abin da suke so kamar ƙasa mai sanyi da ba ta tsanewa. Filin yana da laka, yana kuma ɗan karkata, ta yadda ruwan da aka ba gadon gaba ɗaya yakan taru a ƙarshensa ya kwana. Abin da mai koyo ya kamata ya riƙe shi ne saiwa ma tana numfashi. Idan ruwa ya cike ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa, tsiro yakan yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mai lambu ya tausaya masa ya ƙara ruwa, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Na cire duk waɗanda suka kamu tare da ƙasar gindinsu, na fitar da su daga lambun, na haƙa 'yar magudana a gefen gangaren. Ban ruwa ya koma da hantsi kawai, kuma sai na tura yatsa har gaɓa ta farko na ji ƙasa ta sha iska. Na kuma rage cunkoso, domin tsirran da suka cushe ba sa bushewa da wuri, kuma suna gasar haske har su miƙe sirara marasa ƙwari.

Labarin tattasai daga taki ya taso. Kashin kajin da na saya ya zo a gauraye da garin katakon da ake shimfiɗa wa kaji, kuma bai gama ruɓa ba. Bakin ganyen ya ƙone, kan saiwoyin ya yi baƙi, sannan wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana cuta ta fuska biyu: gishiri da amoniyar da ke cikinsa suna ƙona saiwa, garin katakon kuma, yayin da ƙananan halittun ƙasa ke cinsa, sukan janye naitirojin ɗin da tsiro zai sha. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa na ƙasar farkon damina ne, kuma idan ka tura hannu cikin tarin ba za ka ji zafi ba. Wanda yake yaji a hanci bai isa shiga gadon reno ba, ko da mai sayarwa ya rantse. Na kwashe tsirran da suka tsira zuwa ledojin reno masu huji, da ƙasar da na haɗa da yashi da tsohon takin awaki, kuma yawancinsu sun fara fitar da sabon ganye mai kore.

Attaruhu ne ya fi ba ni mamaki, domin saiwarsa lafiya ƙalau take. Abin da na gani kawai shi ne bayan ganyen ya ɗan yi shuni, kamar yadda wasu daga cikin tumatir ma suka yi. Wannan aikin hunturu ne. Dangin barkono sun fi son ɗumin digiri 25 zuwa 30, alhali a Disamba da Janairu daren wannan yanki yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma a ƙasa mai sanyi saiwa ba ta iya jan fosforos, sinadarin da ƙarancinsa ke sa ganye ya yi shuni, ko da yana nan birjik. Ga shi kuma attaruhu da ma can mai nawa ne, yakan kai mako 6 zuwa 8 kafin ya isa dashe, don haka kuskure ne a auna shi da ma'aunin tumatir. Na kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, na yi wa gadon 'yar rumfar ciyawa da nake rufewa da magariba in yaye da safe, ruwan ban shi kuma nakan bar shi ya ɗan sha rana tukuna. Ban ƙara masa komai ba, kuma ga shi ganye na uku da na huɗu sun leƙo.

Na duba ƙwari ma. Babu ƙulli-ƙulli a saiwa, wanda shi ne alamar ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani. Babu fararen zane a cikin ganye irin na tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2016. Amma na ga farin ƙuda kaɗan a bayan ganye, kuma shi ne ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, wadda ke tsumburar da tumatir, ba ta kuma da magani idan ta kama. Don haka na lulluɓe gadon da tsohon gidan sauro, na danne gefensa da ƙasa.

Takin zamani bai shigo ba sai da na sake tono na ga sababbin fararen saiwoyi, shi ma cokalin cin abinci ɗaya na NPK 15-15-15 a lita 10 na ruwa, a zuba a gindi, a bi ganyen da ruwa mai tsabta.

A ganina tumatir ɗin gangare da ya daɗe a tsaye bai cancanci dashe ba, domin karansa ya riga ya yi tauri, kuma irin wannan yakan yi fure tun yana ƙarami ya ba da 'ya'ya kaɗan. Na ɓangaren tudu za su tafi kwami a wannan makon, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Ina so in sake zuba iri a sabon gado mai tudun santimita 15, da layuka masu tazarar santimita 10, amma ina tsoron kada furensa ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da furen tumatir ke kakkaɓewa. Waɗanda suka taɓa yin reno na biyu a cikin Janairu a ƙasar Zazzau ko Kano, ina roƙonku ku faɗa mini ko ya kai ga girbi, da kuma irin da kuka shuka.